Rubuta Gwajin Farko-har-Ƙarshe ga Manhajojin Yanar Gizo: Zaɓe, Tabbas da Bayanan Gwaji

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake rubuta gwaje-gwajen da ke bin manhajar yanar gizo tun daga abin da mai amfani ya latsa a burauza har zuwa abin da aka ajiye a rumbun bayanai. Ta waiwayi muhawarar masana a kan yawan irin wannan gwaji da ya dace a rubuta, da binciken da aka yi a kan dalilan da ke sa sakamakonsa ya riƙa sauyawa. Matsayin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, amfanin gwajin ya rataya a kan abu guda: idan ya ce akwai matsala, injiniyoyi su gaskata shi su dakata. Daga wannan matsayi aka fitar da ƙa'idojin zaɓe, jira, keɓe bayanai da mu'amala da hidimomin waje, aka kuma nuna su ta hanyar misalin manhajar biyan kuɗin makaranta.

1.0 Gabatarwa

A ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov domin jama'a su yi rajistar inshorar lafiya. Cikin sa'o'i kaɗan shafin ya durƙushe, da yawa daga waɗanda suka shiga ko asusu ba su iya buɗewa ba. Da wakilan kamfanonin da suka yi kwangilar suka bayyana a gaban wani kwamiti na Majalisar Wakilai a ranar 24 ga watan, bakinsu ya zo ɗaya a kan wani batu: kowane kamfani ya gwada ɓangaren da aka ba shi, amma ba a haɗa sassan an gwada su a matsayin tsari ɗaya ba sai a makonni biyun ƙarshe kafin buɗewa.

Wancan lamari babba ne, sai dai irinsa yana faruwa kullum a ƙananan manhajoji. Duk manhajar yanar gizo tana da fuskar da ke gudana a burauza, da sabar da ke karɓar buƙatu, da rumbun bayanai, da hidimomin wasu kamfanoni irin na biyan kuɗi da aika saƙon tes. Kowane sashe yana iya zama lafiya ƙalau a karan kansa, kuskuren ya laɓe a inda biyu suka haɗu.

Za a yi amfani da kalmomi uku a tsawon maƙalar. Gwajin ɓangare shi ne wanda ke duba ƙaramin yanki na kod shi kaɗai. Gwajin mahaɗa yana duba sassa biyu ko uku tare, misali saba da rumbun bayanai, ba tare da burauza ba. Gwajin farko-har-ƙarshe, wanda za a riƙa kira dogon gwaji don taƙaitawa, yana buɗe burauza ta gaske, ya cike fom, ya latsa maɓalli, sannan ya tabbatar da abin da ya bayyana. Manufar maƙalar ita ce amsa tambayoyi uku game da na ƙarshen: waɗanne ayyuka ne suka cancanci a rubuta musu shi, yaya za a rubuta shi ya zama abin dogaro, kuma wane irin bayani za a ciyar da shi.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

2.1 Kayan aiki

Jason Huggins ne ya ƙirƙiri Selenium a shekarar 2004 lokacin yana aiki a kamfanin ThoughtWorks. Zubin farko yana gudana ne da JavaScript a cikin shafin da ake gwadawa, don haka dokokin tsaron burauza suka taƙaita shi. Daga baya Simon Stewart ya samar da WebDriver, wanda ke sarrafa burauza daga waje. An haɗe ayyukan biyu a Selenium 2 a 2011, kuma a 2018 ƙungiyar W3C ta amince da WebDriver a matsayin ƙa'idar da masu ƙera burauza za su bi.

Cypress, wanda aka saki ga jama'a a 2017, ya koma gudanar da gwaji a cikin burauza, ya kuma zo da sake gwada umarni da kansa har sai ya yi nasara ko wa'adi ya cika. A shekarar ce Google ya fitar da Puppeteer. A 2020 Microsoft ya fitar da Playwright, wanda ke sarrafa Chromium da Firefox da WebKit da umarni iri ɗaya. Abin lura a wannan tarihi shi ne, babban ci gaban da sababbin kayan suka kawo ya shafi matsala ɗaya ce, wato yadda gwaji zai san lokacin da shafi ya shirya.

2.2 Muhawara a kan yawa

A littafinsa na 2009, Succeeding with Agile, Mike Cohn ya zana gwaje-gwaje a siffar dala: gwajin ɓangare mai yawa a gindi, na hidima a tsakiya, na fuskar manhaja kaɗan a tsololuwa. Martin Fowler ya ƙara yaɗa ra'ayin a 2012. A 2015 Mike Wacker na Google ya rubuta maƙalar da ta yi gargaɗi a kan yawaita dogon gwaji, ya kawo rabon kashi 70 na ɓangare, 20 na mahaɗa, 10 na dogo a matsayin mafari. Hujjarsa ita ce dogon gwaji yana da jinkiri, kuma idan ya faɗi ba ya nuna wurin da kuskuren yake.

Wasu sun ga cewa dalar ta ba gwajin ɓangare matsayin da ya wuce kima. A 2018 Kent C. Dodds ya ba da wata siffa da ta fi faɗi a tsakiya, bisa hujjar cewa gwargwadon yadda gwaji ya yi kama da yadda mutane ke amfani da manhaja, gwargwadon natsuwar da yake bayarwa. Injiniyoyin Spotify ma sun fitar da makamancin ra'ayin a shekarar, game da tsarin da ya ƙunshi ƙananan hidimomi masu yawa. Duk da saɓanin, ɓangarorin biyu sun bar dogon gwaji a matsayin mafi ƙaranci. Abin da muhawarar ba ta warware ba shi ne yadda za a zaɓi waɗannan 'yan kaɗan ɗin.

2.3 Gwaji mai tangal-tangal

Gwaji mai tangal-tangal shi ne wanda zai wuce yanzu ya faɗi an jima alhali ba a taɓa kod ba. Qingzhou Luo da abokan aikinsa na Jami'ar Illinois sun gabatar da nazari a 2014 a kan gyare-gyare 201 daga ayyukan Apache guda 51. Daga cikin waɗanda suka iya rarrabewa, kusan kashi 45 cikin ɗari sun samo asali daga rashin jiran aikin da bai kammala ba, kashi 20 daga ayyukan da ke gudana lokaci guda suna karo, kashi 12 daga dogaron wani gwaji a kan wanda ya gabace shi.

A 2016 John Micco ya bayyana cewa a Google kimanin kashi 1.5 na dukkan gudun gwaji suna ba da sakamako mai tangal-tangal, kusan kashi 16 na gwaje-gwajen kamfanin suna da wannan lalura ko da kaɗan ne, sannan kimanin kashi 84 na lokutan da sakamako ya juya daga wucewa zuwa faɗuwa akwai hannun irin wannan gwaji a ciki. A 2017 Jeff Listfield ya rarraba alƙaluman bisa girma: cikin mako guda, kashi 0.5 na ƙananan gwaje-gwaje sun yi tangal-tangal, kashi 1.6 na matsakaita, kashi 14 na manya. Wato lalurar tana ƙaruwa ne da yawan sassan da gwaji ya taɓa, kuma babu wanda ya kai dogon gwaji taɓa sassa.

3.0 Hanyar Nazari

An gina nazarin a kan abubuwa biyu. Na farko, ayyukan da aka waiwaya a sama tare da bayanan da masu Selenium da Cypress da Playwright suka wallafa game da yadda kayansu ke aiki. Na biyu, misali guda da aka tsara domin bayani: manhajar da ɗalibi ke shiga ya yi rajistar zango, ya biya kuɗi ta hanyar kamfanin karɓar kuɗi, ya sauke rasit. Misalin bai wakilci manhajar wata makaranta ba. An zaɓe shi ne saboda ya tara mahaɗun da suka fi ba da wahala: shiga da kalmar sirri, kuɗi, hidimar waje, wa'adi, da sunayen mutane. A kowane sashe za a kawo matsalar, a bayyana musabbabinta, a faɗi yadda ya kamata a rubuta gwajin.

4.0 Nazari

4.1 Abin da ya cancanci dogon gwaji

Lissafi mai sauƙi yana nuna dalilin taƙaitawa. A ɗauka kowane gwaji yana faɗuwa ba gaira ba dalili sau ɗaya cikin ɗari, kuma faɗuwar wani ba ta shafi ta wani ba. Idan gwaje-gwajen 20 ne, kusan kashi 82 na lokuta duk za su wuce tare. Idan suka kai 100, adadin zai sauko zuwa kusan kashi 37. Ke nan a kusan biyu cikin kowane gudu uku za a ga ja, alamar faɗuwa, alhali manhajar lafiyarta lau. Sikelin da yake ba buhu ɗaya nauyi daban-daban safe da yamma, 'yan kasuwa ba sa tsayawa gardama da shi, daina kallonsa suke yi. Haka injiniyoyi ke yi wa jerin gwajin da ya saba yi musu ƙarya, kuma ranar da ya faɗi gaskiya ba wanda zai waiwaye shi.

Saboda haka wannan maƙala ta ba da sharuɗɗa biyu, kuma sai sun haɗu. Na ɗaya, lalacewar aikin za ta cutar da mutum cutarwa ta zahiri, kamar asarar kuɗi, ko rasa rajista, ko fallasa bayanansa ga wani. Na biyu, kuskuren da ake tsoro ba zai bayyana ba sai an haɗa burauza da saba da rumbu. A misalinmu, tafiyar da ɗalibi ke yi daga shiga har sauke rasit ta cika duka biyun. Haka tabbatar da cewa ɗalibi ba zai ga rasit ɗin wani ba idan ya sauya lamba a adireshin shafi. Amma ƙa'idojin cike fom, irin su lambar waya ta cika adadi ko adireshin imel ya zama daidai, ba su cika sharaɗi na biyu ba. Gwajin ɓangare zai duba hanyoyi hamsin na kuskure cikin ƙasa da daƙiƙa. Ya ishi dogon gwaji ya tabbatar sau ɗaya cewa saƙon kuskure yana fitowa a inda mai amfani zai gan shi.

4.2 Jira

Nan ne mafi yawan ɓarna take, kamar yadda binciken Luo ya nuna. Manhajojin zamani ba sa sake loda shafi gaba ɗaya. Ana latsa maɓalli, buƙata ta tafi saba, amsa ta dawo bayan lokacin da ba a san tsawonsa ba, sannan wani yanki na shafin ya sauya. Gwajin da ya nemi rubutun "An karɓi kuɗi" nan take bayan latsawa yana tsere ne da saba. A kwamfutar injiniya amsar kan riga shi, a na'urar gwaji mai cunkoso shi yake riga ta.

Maganin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne a ce gwaji ya yi barcin daƙiƙa uku. Wannan yana da illa ta fuska biyu. Idan amsar ta zo cikin rabin daƙiƙa, an yi asarar biyu da rabi, kuma asarar tana taruwa a kowane mataki na kowane gwaji. Idan ta zo a daƙiƙa ta huɗu, gwajin ya faɗi duk da haka. Ƙa'idar ita ce a jira hali, kada a jira agogo: gwaji ya riƙa dubawa har sai abin da ake nema ya bayyana, ya ci gaba da zarar ya bayyana, ya faɗi idan wa'adi ya cika. Cypress yana yin haka da wa'adin daƙiƙa 4 a tsarinsa na asali. Playwright yana ba tabbatarwa daƙiƙa 5, gwaji sukutum kuma daƙiƙa 30, sannan kafin ya latsa wani abu yakan duba cewa abin yana bayyane, ya daina motsi, ba a kulle shi ba, kuma babu abin da ya rufe shi. A Selenium injiniya ne yake rubuta sharaɗin jiran da kansa.

Sai dai jiran da kayan aiki ke yi bai ɗauke wa marubuci tunani ba, kuma wurare biyu ne aka fi zamewa. Na farko shi ne karanta ƙima a ajiye sannan a kwatanta. Idan gwaji ya ɗauko rubutun da ke cikin akwatin jimilla sau ɗaya ya ajiye, ya kwatanta da abin da ake tsammani, to ya fita daga inuwar sake dubawa, domin kwatancen ba zai koma shafi ba. Dole tabbatarwar ta rataya a kan akwatin kansa. Na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne tabbatar da rashin abu. Gwajin da ya ce "babu saƙon kuskure" zai wuce nan take ko da saƙon yana kan hanya, tunda a daidai wannan lokacin babu shi ɗin. Irin wannan gwaji ba ya tangal-tangal, kullum kore yake, wato yana wucewa, kuma haɗarinsa ke nan. Kafin a tabbatar da rashin wani abu, sai an fara jiran wata alama da ke nuna aikin ya kammala, misali bayyanar lambar rasit.

4.3 Kowane gwaji da bayanansa

A jerin gwaje-gwaje da yawa akan samu asusu ɗaya da kowa ke shiga da shi. Gwaji na farko ya yi wa ɗalibin rajista, na biyu ya biya masa kuɗi, na uku ya sauke rasit. Muddin suna tafiya a jere, komai yana wucewa. Ranar da aka raba su ga na'urori biyu don a rage lokaci, ko na farko ya faɗi, sauran duk sai su zube, a rasa wanda ya fara.

Abin da ya dace shi ne kowane gwaji ya ƙirƙiri ɗalibinsa mai lambar da ba ta maimaituwa, ya kuma yi hakan ta ƙofar saba kai tsaye ko ta rubutawa a rumbu, ba ta cike fom a burauza ba. Fom ɗin rajista yana da gwajinsa guda. Sauran gwaje-gwajen da ke buƙatar ɗalibi mai rajista ba su da dalilin sake bin wannan doguwar hanya, domin duk matakin da aka ƙara wata dama ce ta faɗuwa a kan abin da ba shi ake gwadawa ba. Haka ma shiga da kalmar sirri: Playwright da Cypress duka suna ba da damar a shiga sau ɗaya, a ajiye shaidar zaman, a raba wa sauran. Sharar bayanai kuwa ta fi kyau a farkon gwaji, saboda wanda ya mutu a tsakiya ba zai kai ga sharar ƙarshe ba. Hanya mafi sauƙi ta gane ko an keɓe da kyau ita ce a hautsina jerin gwaje-gwajen a gudanar da su.

Akwai al'adar kwafo rumbun bayanan gaske zuwa wurin gwaji don a samu bayanai masu kama da na zahiri. Wurin gwaji ba ya samun tsaron da manhajar gaske ke samu, kuma hotunan allo da bidiyon da kayan gwaji ke ɗauka suna yawo a tsakanin ma'aikata. A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin yadda ake sarrafa su, kuma gwaji ma sarrafawa ne.

4.4 Yadda gwaji ke gano abu a shafi

Manunin da ya dogara da tsarin ginin shafi, kamar a ce maɓalli na biyu a cikin akwati na uku, yana karyewa da zarar mai zane ya motsa wani abu. Ya fi inganci a nemi abu da matsayinsa da sunansa, wato maɓallin da ake kira "Biya", kamar yadda umarnin getByRole ke yi a Playwright da Testing Library. Wannan yana amfani da bayanan da manhajar karanta allo ke dogaro da su wajen yi wa makafi jagora, don haka maɓallin da gwaji ya kasa ganowa ta wannan hanya, akwai yiwuwar makaho ma ba zai same shi ba. Idan manhajar tana da harsuna biyu, Hausa da Ingilishi ko Hausa da Faransanci, sai gwajin ya kafe harshe tun farko, ya ɗauko rubutun daga fayil ɗin fassarar, don kada gyaran kalma ɗaya ya kayar da gwaji goma.

4.5 Iyakar gwaji: batun biyan kuɗi

Sunan gwajin yana nuna ana bi har ƙarshe, amma a aikace dole a yanke inda ƙarshen yake. Kamfanonin karɓar kuɗi kamar Stripe da Paystack suna ba da muhallin gwaji mai makullai da katunan bogi. Idan duk gwajin da ya shafi biya zai bi ta wannan muhalli, to lafiyar jerin ta koma hannun wani kamfani da layin intanet. Idan kuma aka maye gurbin kamfanin da makwaikwayi a ko'ina, to ana gwada zaton injiniya ne game da yadda kamfanin ke amsawa, kuma zaton yana iya zama kuskure tun farko ko ya tsufa.

Shawarar wannan maƙala ita ce a raba. Gwaji ɗaya ko biyu su bi muhallin gwajin kamfanin na gaske, a gudanar da su a keɓe, misali sau ɗaya a rana da kuma kafin sakin sabon zubi. Sauran su yi amfani da makwaikwayin da aka gina daga amsoshin da aka ɗauko daga wancan muhalli. Makwaikwayin ne ma kaɗai ke ba da damar jarraba yanayin da suka fi cutar da mutane, waɗanda ba a iya tayar da su yadda aka ga dama a muhallin kamfani.

Uku daga cikinsu sun cancanci ambato. Na farko, an cire kuɗi amma burauzar ɗalibi ba ta dawo shafin makaranta ba, saboda layi ya yanke ko caji ya ƙare. Manhajar da ta dogara da dawowar burauza kaɗai za ta bar shi a matsayin wanda bai biya ba. Gwajin a nan zai rufe shafin a tsakiyar biya, ya aika sanarwar da sabar kamfani ke turo wa sabar makaranta, ya sake shiga ya ga ko rasit ya fito. Na biyu, sanarwar ta zo sau biyu, domin kamfanonin suna sake turawa idan ba su sami amsar karɓa ba. Dole a ga biya ɗaya da rasit ɗaya. Na uku shi ne ma'aunin kuɗi. Paystack yana karɓar adadi da kwabo, don haka Naira 25,000 ana tura ta a matsayin 2,500,000. Idan fuskar manhaja ta ninka da ɗari saba ma ta sake ninkawa, ko kowacce ta bar wa ɗayar, gwajin ɓangaren kowacce zai wuce. Ga manhajar da ke aiki a Nijeriya da Nijar, abin ya ƙara sarƙewa, tunda a ƙa'idar ISO 4217 sefa ba ta da ƙaramin rukuni, ninkawar da ta dace da Naira tana iya zama kuskure a kanta.

4.6 Bayanan da ake ciyar da gwaji

Gwajin da aka rubuta da kyau yana iya zama makaho idan sunan da ya cike a fom bai yi kama da na masu amfani ba. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin tsarin latin1, wanda shi ne tsarin asali na MySQL kafin zubi na 8.0 da ya fito a 2018. Rumbun da aka gina kafin nan ba a sauya shi ba zai ƙi karɓar sunan da ke da ƙ, ko ya mayar da harafin alamar tambaya. Ko rumbun ya karɓa, rasit ɗin PDF yana iya fitar da murabba'i idan zubin haruffan da aka sa masa ba shi da su. A saƙon tes kuma, haruffan ba sa cikin jerin GSM na asali, harafi ɗaya ya isa ya sauko da iyakar saƙo daga 160 zuwa 70, saƙon ya rabu biyu ko uku, kuɗinsa ya ƙaru. Wannan tafiya ce da suna ke yi ta sassa huɗu, kuma dogon gwaji ne ya fi dacewa ya raka shi ya ga yadda ya isa.

Alamar hamza a sunaye irin su Sa'idu da Asma'u tana da nata matsalar. Wasu fom suna ƙin ta a matsayin harafi marar izini. Wasu wayoyi kuma, ciki har da iPhone tun 2017, suna musanya miƙaƙƙiyar alamar da lanƙwasasshiya, waɗanda a wurin kwamfuta haruffa ne daban. Ɗalibi ya yi rajista a waya, ma'aikaci ya nemi sunansa a kwamfuta, bincike ya ce babu shi. Don haka ɗalibin gwaji na asali, wanda kowane gwaji ke ƙirƙira, ya kamata sunansa ya ƙunshi harafi mai ƙugiya da hamza, yadda duk tafiyar da aka gwada za ta ɗauke su ba tare da an rubuta wani gwaji na musamman ba.

Lokaci ma bayani ne. Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suna gaba da agogon UTC da awa ɗaya, Ghana tana daidai da shi, Sudan tana gaba da awa biyu, sabobi da na'urorin gwaji kuwa galibi a kan UTC ake barin su. Wa'adin rajistar da zai cika da sha biyun dare a Kano ya yi daidai da sha ɗayan dare a agogon saba. A cikin wannan awa kwanan wata ya bambanta tsakanin burauza da saba, kuma gwajin da ya dogara da "yau" zai faɗi a lokacin kaɗai. Playwright yana ba da damar kafe yankin lokaci da agogon burauza, amma agogon saba sai an tanadi hanyar kafe shi daban. Haka nan yana ba da damar jinkirta amsa ko yanke layi gaba ɗaya, wanda da shi ake ganin abin da zai faru idan ɗalibin da ya gaji da jira ya latsa "Biya" sau biyu.

4.7 Idan gwaji ya faɗi

Ƙorafin Wacker cewa dogon gwaji ba ya nuna wurin kuskure ya ragu da zuwan kayan da ke ajiye sawu. Playwright yana iya adana hoton halin shafi a kowane mataki tare da buƙatun da suka fita da amsoshinsu, Cypress ma yana nuna matakan ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata a haɗa waɗannan da rubutun sabar na daidai lokacin, ta hanyar lamba ɗaya da ke bin buƙata daga burauza zuwa rumbu.

Saura batun sake gudanar da gwajin da ya faɗi kai tsaye, wanda Playwright da Cypress duka suka tanada. A ɗauka akwai kuskure na gaske da ke sa biya ya ɓace sau ɗaya cikin goma. Idan aka ba gwaji dama uku, yiwuwar ya faɗi a dukkansu ɗaya ce cikin dubu. Allo zai nuna kore, ɗalibi ɗaya cikin goma kuma zai ci gaba da rasa rasit. Playwright yana ware wanda ya wuce bayan maimaici a rukuni na daban, kuma wannan rukuni ya kamata a karanta shi kamar yadda ake karanta na waɗanda suka faɗi. Gwajin da ya shiga rukunin sai a cire shi daga jerin da ke tsayar da saki, a rubuta sunan injiniyan da zai bincika da ranar da zai kawo bayani. Binciken zai ƙare da ɗayan uku: a gyara gwajin idan laifin jira ne ko bayanai, a gyara manhajar idan tseren a cikinta yake, ko a goge gwajin a mayar da abin da yake dubawa zuwa gwajin mahaɗa idan bai cika sharuɗɗan sashe na 4.1 ba. A tafiyar biyan kuɗi kuwa, maimaici bai dace ba sam, faɗuwa ɗaya ta isa a dakatar da saki har sai an gano musabbabinta.